EEG biyu, amsa biyu: wace takarda za mu bi, kuma mu saida gona don aikin ƙwaƙwalwa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Tawa. Ɗiyata tana da shekara 18. Tana ƴar shekara 2 zazzaɓin sauro ya kama ta, ta yi jijjiga mai tsawo. Tun tana shekara 12 wani abu ke zo mata: sai ta ce abu ya taso mata daga ciki, tsoro ya rufe ta, ta ƙura ido wuri ɗaya tana tauna baki, hannun hagu na murza zane, na dama ya sandare. Minti ɗaya ko biyu ya wuce, amma sai ta jima ba ta iya magana. Wani lokaci har faɗuwa take ta yi jijjiga. An ba ta maganin farfaɗiya Gardénal, daga baya aka ƙara Tégrétol, amma har yanzu yana zuwa sau 3 ko 4 a wata. Mun je Yamai an yi mata EEG, aka ce ba a ga kome ba. Dangin babanta suka ce tunda na'ura ba ta gani ba, iska ce, a bar magani. Muka sake komawa, wannan karon ta kwana ba barci, takarda ta ce akwai matsala a gefen hagu. Yanzu wani ɗan'uwa ya ce a ƙasar waje ana yanke wurin a huta, babanta har ya fara maganar saida gona. Ga kuma maganar aurenta ta taso. Wace takarda ce gaskiya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ta lafiya. Takardun nan biyu duka gaskiya suka faɗa. Kada a tsayar da magani ko na kwana ɗaya, kuma Alhaji ya dakata da maganar gona tukuna. Ba za a iya yanke hukunci kan ciwon mutum daga wasiƙa ba, amma kin yi bayani dalla-dalla, har za mu iya gaya miki inda aka kwana da abin da ya rage a yi.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke aika wa juna saƙo. Na'urar EEG sauraren wannan lantarkin kawai take yi, ba ta sa wa mutum wuta, ba ta zuƙar masa kome. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukarsa a jikin ɗan Adam a 1924, a yau kuwa ana auna kai da tef, a liƙa ƙananan faifai 19 zuwa 21 a wurare sanannu, kowane da harafi da lamba. F goshi ne, T gefen kai daidai kunne, P sama ta baya, O ƙeya, C tsakiya. Lamba mara, wato 1, 3, 5, 7, hagu ce. Lamba cika dama ce. Ki duba takarda ta biyu, wataƙila za ki ga F7 ko T3. Wurin da suke nufi ke nan, gefen hagu, gaban kunne da samansa.

Abin da ke isowa fatar kai kaɗan ne ƙwarai, yawanci tsakanin maikurobolt 10 zuwa 100 (maikurobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt), don sai ya ratsa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, ya ratsa ƙashi da fata. Ki ɗauka kin tsaya bayan katanga kina sauraren gidan biki. Mata biyu da ke hira can ƙuryar ɗaki ba za ki ji su ba, sai taro ya yi guɗa tare sannan sauti ya tsallako. In kuma kin tsaya minti 20 kin wuce ba a yi guɗa ba, ba za ki rantse cewa ba a biki a gidan ba. Gwajin farko ke nan. EEG na yau da kullum minti 20 zuwa 30 ne, tartsatsin farfaɗiya kuwa, wato alamar ciwon da na'urar ke nema, ba kullum yake fita ba, kuma kafin a gan shi a fatar kai sai faɗin ƙwaƙwalwa da ya kai santimita murabba'i 6 zuwa 10 ya harba a lokaci ɗaya. Saboda haka cikin masu farfaɗiya ta gaske, kusan rabi gwajinsu na farko yana fita tas. In aka maimaita sau 3 ko 4, musamman da barci a ciki, ana kama alamar a wajen mutum 8 zuwa 9 cikin 10. Akwai kuma waɗanda ba a taɓa kamawa ba, alhali ciwon yana nan. Wurin da ake zargi a irin ciwon ɗiyarki yana can ciki, nesa da fata, shi ya sa ya fi wuyar ji.

To, ki gaya wa dangin babanta da ladabi cewa ba na'ura ce ke tabbatar da farfaɗiya ba. Likita yana tabbatar da ita ne daga bayanin wanda ya ga abin da idonsa, na'ura taimako take yi. Addu'a da sadaka ba su hana magani, a yi su tare. Amma yanke Gardénal kwatsam yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda take kai mutum ga mutuwa. Wannan ba wurin jin kunyar surukai ba ne.

Takarda ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Rashin barci da gyangyaɗin da ke biyo shi suna fito da tartsatsin da ya ɓuya, shi ya sa aka ce ta kwana ido biyu. Abin da aka gani layi ne mai tsini da ya yi sama ya dawo cikin ƙiftawar ido, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba, sau da yawa da wani lanƙwasa mai faɗi a bayansa. Ana ganinsa ne a tsakanin tashin ciwo, lokacin da yarinya take zaune lafiya. Yana nuna yankin da ƙwayoyinsa ke da saurin harzuƙa. Bai nuna daidai inda ciwon ke farawa ba. Yankin da ke tartsatsi yakan fi tushen ciwon faɗi, wani lokaci tartsatsin yakan bayyana a gefe biyu alhali ciwon daga gefe ɗaya yake tashi, wani lokaci kuma ciwon ya fara a wani wuri da ba a ji, ya bazu, sai a ji shi a inda ya iso. Likitocin da ke aikin farfaɗiya suna bambanta abu uku: inda ke tartsatsi, inda ciwon ke farawa, da kuma wurin da in an cire shi ciwon zai daina. Na ukun shi ake nema, kuma babu na'ura ɗaya da ke nuna shi kai tsaye. Sai an haɗa shaidu sun yi daidai da juna. Babu likitan kirki da zai buɗe kan mutum saboda takardar minti 30.

Akwai wani abin lura game da wanda ya karanta gwajin. Ƙifta ido, tauna, motsin wuya, faifan da bai liƙu ba, wayar wuta ko cajar waya da ke kusa, har da gumi, wanda a zafin Yamai ba a rasa shi, duk suna zana layukan da ke kama da ciwo. A gefen kunne kuma akwai wasu layuka masu tsini da masu lafiya ke fitarwa idan suna gyangyaɗi. Wanda bai ƙware ba zai iya kiransu farfaɗiya. Ki tabbatar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ya karanta, kuma ki nemi a ba ku zanen layukan kansu, a takarda ko a faifai, ba rubutun ƙarshe kaɗai ba. Duk likitan da za ku gani nan gaba zai so ya duba da idonsa.

Shaidar da ta fi ƙarfi a hannunku yanzu ita ce wadda kika rubuto. Abin da ke tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, tsoro ba dalili, ƙura ido, tauna baki, murza zane: haka farfaɗiyar gefen kunne take zuwa. Wannan tasowar ma ba gargaɗi ba ce kawai, ciwon ne ya riga ya fara a ɗan ƙaramin wuri. Hannun da ke sandarewa yawanci yana ɗaya gefen da tushen ciwon, wanda ke murze-murze kuma yana gefe ɗaya da shi. Naku na dama ke sandarewa, na hagu ke murza zane, ya nuna hagu. Rashin iya magana bayan ya sake ta shi ma ya nuna hagu, don a wajen mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana. Doguwar jijjigar da ta yi tana ƙarama kuwa an san tana da alaƙa da tabo a wani ƙaramin sashe mai lanƙwasa da ke can ciki, hifokamfus, wanda ke riƙe sabon abin da mutum ya koya. Bayaninki da takarda ta biyu sun fuskanci wuri ɗaya, kuma wannan abu ne mai kyau.

Ki ƙarfafa wannan shaidar. A sami wanda zai ɗauki bidiyo da waya duk lokacin da ya zo, yayin da wani ke kula da ita. A ɗauko fuska da hannaye biyu tare, kada a matsa kan fuska kaɗai, a kunna fitila in dare ne. Da ta ce ga shi nan, a fara ɗauka. A kira sunanta, a ce ta ɗaga hannu, a faɗa mata kalma ɗaya kamar "tulu" a tambaye ta daga baya ko ta tuna. In ya sake ta kada a kashe waya: a nuna mata cokali ko takalmi a ce ta faɗi sunansa, a ga minti nawa za ta yi kafin ta iya. Bidiyo biyu ko uku irin wannan sun fi gwajin EEG na uku amfani a wajen likita. A sami kuma ƙaramin kaye a riƙa rubuta rana, lokaci, tsawonsa, ko ta yi barci sosai a daren, ko an tsallake magani, da kwanakin al'adarta, don wasu mata ciwon yakan ƙaru musu a lokacin.

Shaida ta uku hoto ce. Sikana ba ta cika ganin irin wannan tabon ba, IRM ake so, wato MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, kuma a Yamai za ku nema. Ko IRM ɗin ma sai likita ya rubuta cewa na farfaɗiya ake so, mai siraran yanka na kusan milimita 1, da yankan da ya gitta hifokamfus daidai. In aka yi irin na ciwon kai na yau da kullum, tabon yakan wuce ba a gan shi ba, a biya kuɗi a banza. Ku karɓi faifan hoton ku adana.

Kafin duk wannan, akwai tambayar da ta fi sauƙi da araha: shin maganin ya gaza ne da gaske? A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2010, ana cewa ciwo ya ƙi magani idan an gwada magunguna biyu da suka dace da irin ciwon, a gwargwadon da ya isa, ana sha ba fashi, kuma bai tsaya ba. Ba ki faɗa mana nawa take sha ba. Baligai da yawa suna buƙatar Tégrétol tsakanin miligiram 600 zuwa 1200 a rana, a raba biyu ko uku, amma ana samun waɗanda aka bari shekaru kan ɗan abin da aka fara musu da shi. Gardénal kuma yana sa hanta ta narkar da Tégrétol da sauri, sai ƙarfinsa a jini ya ragu. Ga ƙarewar magani a ƙarshen wata, ga na masu talla a tire da ya sha rana, wanda ba a san asalinsa ba. A sayi magani a farmasi, a ajiye shi a inuwa, a sayi na gaba tun saura na mako ɗaya. Kada ku ƙara ko ku rage da kanku. Ki kai wa likita kwalayen ya gani, ki tambaye shi ko gwargwadon ya yi daidai da nauyinta, ko kuma lokaci ya yi da za a gwada wani kamar Keppra ko Lamictal. Duk sabon maganin da aka fara, in ƙuraje suka feso mata da zazzaɓi ko gyambo a baki, a je asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rabuwa da tashin ciwo in sun sami maganin da ya dace.

In an gyara duk wannan ciwon bai tsaya ba, to maganar aiki ta zama ta gaske, kuma bai kamata a yi ta jan ƙafa shekara da shekaru ba, don bayan magani biyu sun gaza, damar na uku ko na huɗu kaɗan ce. Matakin farko shi ne a kwantar da ita kwana 3 zuwa 7 da faifan EEG a kai dare da rana, kyamara na kallonta, a rage magani a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikata, har a kama ciwon yana tashi sau biyu, uku ko fiye. A nan ne ake ganin sakan na farko: daga wane faifai layukan suka fara sauyawa, kuma kafin ta fara tauna baki ne ko bayan. Sai a gwada ƙarfin tunawarta da maganarta. In bidiyo da EEG da IRM duk suka nuna wuri ɗaya, sau da yawa wannan ya isa.

In suka saɓa, ko IRM bai nuna kome ba, sai a shiga ciki. Likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, Jean Talairach da Jean Bancaud, su suka shimfiɗa wannan hanya tun wajen 1960. Ana huda ƙananan ramuka a ƙashin kai a zura siraran wayoyi, kaurinsu bai kai milimita 1 ba, sau da yawa guda 10 zuwa 15, su zauna mako ɗaya ko biyu. Daga ciki ana jin abin da ba ya tsallako katanga. Lantarkin da aka saba karantawa a fatar kai yana kaɗawa ne daga ƙasa da sau 4 zuwa wajen sau 30 a sakan. Mutum in ya rufe ido ya natsu, nasa sau 8 zuwa 13 ne. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa ana samun wasu gajerun kaɗawa masu tsananin sauri, sau 80 zuwa 250 a sakan, wasu ma 250 zuwa 500. Masu saurin nan na biyu sun fi taruwa kusa da tushen ciwo fiye da tartsatsi na yau da kullum, shi ya sa masu bincike suka ɗora musu rai. Sai dai lafiyayyar ƙwaƙwalwa ma tana yin irin na farkon, musamman wajen tunawa da gani, kuma har yanzu ba a yarda a yanka bisa su kaɗai ba. In wani ya ce muku akwai na'urar da ke nuna wurin cikin awa ɗaya a yanke gobe, ku riƙe kuɗinku.

Aikin kansa yana da amfani ga wanda ya dace da shi. A wani bincike da aka buga a 2001 daga Kanada, kan mutum 80 masu farfaɗiyar gefen kunne da ta ƙi magani, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun cika shekara ba tare da ciwon da ke gusar da hankali ba, a waɗanda aka bari kan magani kuwa kashi 8 ne. Amma a gefen hagu akwai farashi: wasu sukan sami raunin tuna kalmomi da sunaye, wasu su rasa ganin wata kusurwa ta sama a abin da suke kallo. Kuma ana ci gaba da shan magani aƙalla shekara ɗaya ko biyu bayan aiki. Ana yin wannan aiki a Maroko da Indiya da Faransa da wasu ƙasashe. Hanyar da ta fi tsaro ita ce likitan ƙwaƙwalwa na Yamai ya haɗa takardunta, a aika wa cibiyar can su duba, su faɗi ko ta dace da abin da za a kashe, kafin a sayi tikiti, balle a taɓa gona. Ku tambaye shi kuma yadda ake neman tallafin fita waje neman magani.

In za a sake EEG, kada tafiyar fiye da kilomita 500 ta tashi a banza. A tsefe kitso, a cire ƙarin gashi, a wanke kai da sabulu a daren, kada a shafa mai ko kaɗan, don mai yana hana faifan kama fata. Ta ci abinci kafin ta shiga, ta sha maganinta kamar kullum, ta bar shayi da kofi. In an ce ta rage barci, a bi awannin da likita ya faɗa, wani ya zauna da ita, don rashin barcin kan iya tayar da ciwon. Za a sa ta yi numfashi da ƙarfi na minti 3, a kuma haska mata fitila mai walƙiya. In tana da sikila, ko asma mai tsanani, ko ciki, a faɗa tun farko, don ba a sa irinsu wannan numfashin. Gwajin da aka yi cikin awa 24 bayan tashin ciwo ya fi kama alama. In tana jin nauyin buɗe kai, ku nemi mace ta liƙa mata.

A gida, kada ta yi girki a murhu ita kaɗai, kada ta ja ruwa a rijiya, kada ta kulle ƙofar makewayi in tana wanka. Tramol yana tayar da farfaɗiya, kada a ba ta shi ko don ciwon mara. In ta faɗi, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a juya ta gefe. Kada a danne ta, kada a sa mata cokali ko yatsa ko ruwa a baki. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo. In jijjiga ta kai minti 5, ko wata ta biyo baya ba ta farfaɗo ba, a nufi asibiti nan take. In azumi ya zo, ku je wa likita tun kafin wata ya kama ya tsara lokutan sha.

Maganar aure kuma: farfaɗiya ba ta hana aure ko haihuwa, kuma mafi yawan mata masu ita lafiyayyun ƴaƴa suke haifa. A gaya wa mijin tun yanzu, a koya masa abin da zai yi in ta faɗi. Sannan a koma wa likita watanni kafin biki, don maganin da ya dace da budurwa ba lallai ya dace da mai ciki ba. Maganin farfaɗiya mai suna Dépakine musamman yana jawo naƙasa ga kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsu ana shansa, don haka in wani ya rubuta mata shi, ki faɗa masa tana shirin aure. Gardénal da Tégrétol kuma suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a damtse, sai ciki ya shiga ba shiri. Ta fara shan ƙwayar folik asid kafin ciki, a gwargwadon da likita ya rubuta, kuma in ta ga ta yi ɓatan wata, ta ci gaba da shan maganinta ta je asibiti a makon.